Art Blakey da Ƙungiyar Jazz Messengers: Makaɗin da Ya Mayar da Dandali Makaranta

1.0 Gabatarwa

Kiɗan jaz yana daga cikin manyan gudummawar da baƙar fatar Amurka suka bai wa duniya a ƙarni na ashirin. Ya tsiro ne a birnin New Orleans a farkon ƙarnin, daga nan ya bazu zuwa Shikago da Niyok, sannan ya ƙetara teku. Babban abin da ya bambanta shi da kiɗan Turawa na gargajiya, wanda ake rubutawa a takarda a kuma kaɗa shi yadda aka rubuta, shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗan jaz sukan soma da wani karin da kowa ya sani, sa'an nan kowannensu ya karɓi fage shi kaɗai, ya shirya sabon kari a kan tsohon, a gaban jama'a, ba tare da ya tanade shi tun daga gida ba.

Wannan siffa ta haifar da wata matsala wadda duk mai nazarin fasahar baka ya san ta. Fasahar da ba a takarda take ba, ta wace hanya za ta wuce daga manya zuwa yara? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba amsar da wani makaɗin ganga, Art Blakey (1919–1990), ya bayar a aikace. Za a bi tarihin rayuwarsa da salon kiɗansa da dangantakarsa da Afirka, amma za a fi mayar da hankali ga ƙungiyarsa mai suna Jazz Messengers, wato masu isar da saƙon jaz, wadda ya shugabanta har tsawon shekara 34 ya kuma mayar da ita wurin horar da matasa.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Arthur Blakey a ranar 11 ga Oktoba, 1919, a Pittsburgh ta jihar Pennsylvania, birnin da ya shahara a wancan zamani da masana'antun ƙarfe. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, mahaifinsa kuwa bai riƙe shi ba, saboda haka a hannun wasu makusantan gidansu ya tashi. Bai yi nisa a karatun boko ba, domin tun yana ɗan saurayi ya shiga neman na kansa. Sai dai birnin da ya tashi a ciki gari ne na makaɗa. A nan aka haifi Kenny Clarke da Billy Eckstine da Erroll Garner, a nan kuma Mary Lou Williams ta girma, kuma dukkansu sun yi suna a fagen jaz.

Da fiyano Blakey ya fara, har ya kai ga jagorantar 'yar ƙungiya a gidajen rawa na garinsu. Kamar yadda shi kansa ya sha bayar da labari, wata rana Erroll Garner ya zauna a kan fiyano ya nuna gwanintar da ta sa mai gidan rawar ya umarci Blakey da ya koma kan ganga, ko yana so ko ba ya so. Daga wannan rana ganga ta zama sana'arsa. Ba a gaban wani malami ya koye ta ba. Ya koye ta ne ta hanyar saurare da kwaikwayon manyan makaɗan lokacin, musamman Chick Webb da Sid Catlett.

A shekarar 1942 ya yi aiki da Mary Lou Williams, daga bisani ya bi babbar ƙungiyar Fletcher Henderson yawon kiɗa. A lokacin wannan yawo ne, a jihar Georgia ta kudancin Amurka inda dokokin wariyar launin fata suke da ƙarfi, 'yan sanda suka yi masa dukan da ya bar masa mummunan rauni a ka.

3.0 Zamanin Bibop da Sabon Matsayin Ganga

Daga 1944 zuwa 1947 Blakey ya riƙe ganga a ƙungiyar Billy Eckstine. Wannan ƙungiya tana da muhimmanci a tarihin jaz, domin ta cikinta ne Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Fats Navarro da Dexter Gordon da Miles Davis da mawaƙiya Sarah Vaughan suka ratsa a lokuta daban-daban. Waɗannan matasa su ne suka assasa sabon salon da aka laƙaba wa suna bibop, mai sauri da sarƙaƙiya, wanda aka shirya shi domin saurare fiye da rawa.

Domin a gane matsayin Blakey a wannan sauyi, ya kamata a yi bayanin kayan kiɗansa. Makaɗin jaz mutum ɗaya ne da ke zaune a gaban jerin ganguna, yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda. Ƙafar dama tana taka wani maduki da ke bugun babbar ganga. Ƙafar hagu tana taka wasu tagwayen farantan tagulla da ke buɗewa su rufe. Hannuwa kuwa suna riƙe da sanduna biyu, suna yawo tsakanin ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta, da wasu matsakaitan ganguna, da manyan farantan tagulla da aka kafa a kan sanduna. Kafin zuwan bibop, aikin mai ganga shi ne ya riƙe taki da babbar ganga, bugu huɗu a kowace gaɓa, domin masu rawa. Kenny Clarke da Max Roach su ne suka ɗauke wannan aiki daga babbar ganga suka ɗora shi a kan farantin tagulla. Da haka sauran gangunan suka sami sarari na tsoma baki, su amsa wa mai busa, su zuga shi.

Blakey ya karɓi wannan tsari ya ƙara masa ƙarfi. Akwai abubuwa uku da ake gane hannunsa da su. Na farko, yakan rufe tagwayen farantan nan da ƙarfi a bugu na biyu da na huɗu na kowace gaɓa, ta yadda komai nisan da mai busa ya yi a ƙirƙirarsa ba zai ɓace wa taki ba. Na biyu, yakan danna sandunansa a kan ƙaramar ganga su yi ta kaɗawa ba yankewa, amon ya taso daga ƙasa-ƙasa har ya cika ɗaki, a daidai lokacin da wani makaɗi zai miƙa wa wani fage. Na uku, yakan danna gwiwar hannunsa a kan fatar ganga yana bugu, domin ya ɗaga amonta ko ya sauke shi, kusan yadda mai kalangu ke matse tsirkiyoyi a hammata. Waɗannan dabaru duka suna hidima ne ga wanda ke gaba yana busa. Wannan ne ya sa manyan makaɗa suka riƙa nemansa. Shi ne ya kaɗa wa Thelonious Monk a faifansa na farko a kamfanin Blue Note a 1947, shi ne kuma ya kaɗa masa a Landan a 1971, a ɗaukar da ta kasance cikin na ƙarshe a rayuwar Monk.

4.0 Musulunci da Tafiya Afirka

A shekarun 1940 makaɗan jaz da dama sun karɓi Musulunci, akasari ta hannun masu wa'azin Ahmadiyya da ke aiki a biranen Amurka. Daga cikinsu akwai Yusef Lateef da Sahib Shihab, kuma Ahmad Jamal ya biyo bayansu. Ga baƙar fatar da ya tashi cikin wariya, sabon addini da sabon suna sun kasance hanya ta fita daga matsayin da al'umma ta ajiye shi. Blakey ma ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, kuma har ƙarshen rayuwarsa abokan aikinsa suna kiransa Buhaina, ko kuma Bu a taƙaice. A 1947 ya haɗa wata babbar ƙungiya mai suna Seventeen Messengers, saboda mutum 17 ne a cikinta, a watan Disamba na shekarar kuma ya ɗauki faifai da mutum 8 a ƙarƙashin sunan Messengers. Daga nan sunan ya samo asali.

Blakey ya sha bayyana cewa a ƙarshen shekarun 1940 ya yi tafiya zuwa Afirka ta Yamma, kuma neman sanin addini da falsafa ne ya kai shi. Wani abin lura shi ne, duk da wannan tafiya, ya tsaya kai da fata cewa jaz kiɗan Amurka ne, wanda baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro daga halin da suka sami kansu a ciki, saboda haka bai yarda a kira shi kiɗan Afirka ba. Ana iya fahimtar wannan matsayi nasa a matsayin kare haƙƙin mutanensa, domin kada a ɗauke musu abin da suka gina da guminsu a jingina shi ga wata nahiya.

Amma wannan ra'ayi bai hana shi sha'awar gangunan Afirka ba. A 1957 ya tara makaɗan ganga da yawa ya ɗauki faifan Orgy in Rhythm, a 1958 kuma ya yi Holiday for Skins. Wanda ya fi shafar Nijeriya shi ne The African Beat, wanda aka ɗauka a watan Janairu na 1962. A cikinsa akwai Solomon Ilori, wani makaɗi Bayarabe daga Nijeriya, wanda ya rera waƙa ya kuma kaɗa kalangun Yarabawa, akwai kuma wani kari da Guy Warren na ƙasar Gana ya tsara. Yusef Lateef ne ya yi busa a faifan, kuma shi ne daga baya ya zo Zariya ya zauna daga 1981 zuwa 1985 a matsayin mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello.

5.0 Kafuwar Jazz Messengers

A watan Fabrairu na 1954 kamfanin Blue Note ya ɗauki wasan da Blakey ya jagoranta a gidan rawa na Birdland da ke Niyok, tare da Clifford Brown mai busa tarampet, da Lou Donaldson mai saksofon, da Horace Silver a kan fiyano. Bayan haka Blakey da Silver suka haɗa kai da Kenny Dorham da Hank Mobley da Doug Watkins suka kafa ƙungiyar Jazz Messengers, wadda da farko ta haɗin gwiwa ce, babu shugaba guda. A 1956 Silver ya fita ya kafa tasa, sunan ya zauna a hannun Blakey.

Salon da wannan ƙungiya ta fito da shi Amurkawa suna kiransa hard bop, wato ƙaƙƙarfan bibop. A lokacin, bibop ya yi wa talakan baƙar fata nisa saboda wuyarsa, a yammacin Amurka kuma wani salo mai sanyi da laushi yana tashe. Silver da Blakey suka mayar da jaz ga tushensa, wato waƙoƙin buluz na koke da kuma waƙoƙin majami'un baƙar fata, inda jagora ke bayarwa jama'a suna amshi. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne karin Moanin', wanda Bobby Timmons ya tsara aka kuma ɗauka a watan Oktoba na 1958. A cikinsa fiyano ke bayarwa, masu busa su amsa da amo biyu, tamkar mai wa'azi da masu sauraronsa.

Benny Golson, mai busa saksofon, shi ne ya gyara tsarin ƙungiyar a wannan shekara. Ya kawo mutanen garinsu Philadelphia, wato Timmons da Jymie Merritt da Lee Morgan, wanda a lokacin shekararsa 20, ya kuma tsara musu sababbin kare-kare irin su Blues March da Along Came Betty. A ƙarshen 1958 suka yi wasanni a birnin Paris inda suka sami karɓuwa ƙwarai, a watan Janairu na 1961 kuma suka je Japan, ziyarar da ta taimaka matuƙa wajen yaɗuwar jaz na zamani a ƙasar. A watan Mayu na wannan shekara, lokacin da matasa baƙaƙe da farare suke shiga motocin haya tare zuwa kudancin Amurka domin karya dokar wariya, ana kuma dukansu ana ɗaure su, Blakey ya ɗauki wani kiɗan ganga zalla mai suna The Freedom Rider domin girmama su.

6.0 Ƙungiya a Matsayin Makaranta

A nan ne babban aikin Blakey yake. Idan aka duba yadda ya tafiyar da ƙungiyarsa za a ga tsari mai matakai huɗu, ko da yake bai taɓa rubuta shi a matsayin manhaja ba.

Mataki na farko shi ne zaɓe. Blakey yakan ɗauki matasa waɗanda ba su riga sun yi suna ba, sau da yawa bisa shawarar wanda zai bar ƙungiyar. Da haka kowane mai fita yakan bar magaji a kujerarsa.

Mataki na biyu shi ne ɗora nauyi. Blakey ba mai tsara kari ba ne sosai, saboda haka ya wajabta wa yaransa su riƙa kawo nasu, ƙungiya ta kaɗa, a kuma ɗauka a faifai da sunan mai shi. Yakan kuma naɗa ɗaya daga cikinsu ya zama mai kula da tsarin kiɗa. Wayne Shorter ya riƙe wannan matsayi a zamansa na 1959 zuwa 1964, kuma a wannan lokaci ne, tare da Freddie Hubbard da Curtis Fuller da Cedar Walton, aka yi faifai irin su Mosaic a 1961 da Free for All a 1964. Bobby Watson ya riƙe shi a tsakanin 1977 da 1981.

Mataki na uku shi ne horo a gaban jama'a. Darasin ba a ɗakin gwaji yake ƙarewa ba, domin kowane dare yaro zai tsaya a gaba, malaminsa yana bayansa a kan ganga. Idan yaron ya yi sanyi, ganga za ta taso masa har sai ya farka. Idan ya yi gaggawar zubar da duk abin da ya sani a farkon busa, ganga za ta ja da baya ta nuna masa cewa ƙirƙira tana da mafari da tsakiya da ƙololuwa. Idan kuma ya zarce, kaɗawar nan mai tasowa za ta sanar da shi cewa lokacin miƙa fage ya yi. Ta haka Blakey ya koyar da masu busa da masu fiyano, alhali shi ba kayansu yake kaɗawa ba.

Mataki na huɗu shi ne yaye. Da zarar yaro ya ƙware, Blakey yakan ƙarfafa masa gwiwa ya tafi ya kafa tasa ƙungiyar, ko da kuwa tafiyarsa za ta rage wa Jazz Messengers armashi na wani lokaci. Shorter ya koma wurin Miles Davis a 1964, daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa Weather Report. Keith Jarrett da Chuck Mangione sun ratsa ta ƙungiyar a tsakiyar shekarun 1960. Joanne Brackeen, mai kaɗa fiyano, ta shiga a 1969, ta zama mace ta farko a cikinta.

Ya kamata a ambata cewa wannan makaranta tana da nata tabon. Hodar heroin ta yi wa makaɗan jaz na wancan zamani mummunar ɓarna, Blakey kansa ya yi ta'ammali da ita, haka ma wasu daga cikin fitattun yaransa, ciki har da Morgan da Timmons. Dukansu biyu ba su yi tsawon rai ba. An harbe Morgan a 1972 yana da shekara 33, Timmons kuma ya rasu a 1974 yana da shekara 38.

7.0 Shekarun Wuya da Farfaɗowa

Daga ƙarshen shekarun 1960 kasuwar jaz ta faɗi. Matasa sun koma ga kiɗan rok, gidajen rawa da yawa sun rufe, manyan makaɗa kuma suka rungumi kayan kiɗa masu amfani da lantarki. Blakey bai sauya salo ba. Ya ci gaba da riƙe ƙungiyarsa, yana dogara da yawon wasa a Turai da Japan. A 1971 da 1972 ya yi rangadi tare da Gillespie da Monk da Sonny Stitt a ƙarƙashin sunan Giants of Jazz.

Amfanin wannan juriya ya bayyana a 1980, lokacin da wani saurayi ɗan shekara 18 daga New Orleans, Wynton Marsalis, ya shiga ƙungiyar, ɗan'uwansa Branford kuma ya biyo shi. Da suka tashi a 1982 sai Terence Blanchard da Donald Harrison suka gaje su. Waɗannan matasa su ne suka jagoranci komawar da aka yi ga jaz na asali a shekarun 1980, kuma da ƙungiyar Blakey ta mutu a shekarun wuya, da sun rasa ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage na koyon wannan salo daga hannun waɗanda suka kafa shi. Wynton Marsalis ya sami lambar Pulitzer a 1997. A 2021 kuma gidan wasan Metropolitan Opera na Niyok ya gabatar da aikin Blanchard, karo na farko ke nan da gidan ya gabatar da aikin baƙar fata mai tsara kiɗa.

Faifan New York Scene na 1984 ya ci wa ƙungiyar lambar Grammy. A ƙarshen rayuwarsa jin Blakey ya ragu ƙwarai, amma bai ajiye sanduna ba sai 'yan watanni kafin rasuwarsa. Ya rasu a Niyok a ranar 16 ga Oktoba, 1990, sakamakon ciwon dajin huhu, kwana 5 bayan cikarsa shekara 71. A 2005 aka ba shi lambar Grammy ta girmamawa a kan aikin rayuwarsa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa muhimmancin Art Blakey ya wuce ƙarfin hannunsa a kan ganga. Ya samar da hanyar da fasahar ƙirƙira nan take ke wucewa daga tsara zuwa tsara, ta hanyar zaɓen matasa da ɗora musu nauyi da horar da su a gaban jama'a da kuma sakinsu idan sun isa. A yau jami'o'i da kwalejoji da yawa suna koyar da jaz a aji, kuma kare-karen da yaran Blakey suka tsara suna cikin abin da ake karantarwa. Sai dai abin da aji ke bayarwa ƙa'ida ce, shi kuwa sanin lokacin da za a taso da lokacin da za a lafa a bakin aiki ake samunsa, kusa da wanda ya riga ya sani.

Tasirinsa bai tsaya ga waɗanda suka zauna a gabansa ba. Tony Allen, wanda aka haifa a Legas a 1940, ya koyi abubuwa da yawa ta sauraren faya-fayan Blakey da na Max Roach, kafin ya zama makaɗin gangar Fela Kuti kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka gina kiɗan afrobit. A 2017, shekara 3 kafin rasuwarsa, Allen ya fitar da wani faifai a kamfanin Blue Note domin girmama Blakey da ƙungiyarsa, inda ya sake kaɗa Moanin' da wasu kare-karensu da irin takin Legas. Wannan zagaye da kiɗan ya yi, daga Pittsburgh zuwa Legas sannan ya koma kamfanin da ya fara ɗaukarsa, fage ne da ya cancanci manazartan kiɗa a Nijeriya su zurfafa bincike a kansa.